Shekarar da Na Yi Cigiyar Bindiga

Ku 'ya'yana, na san labarin da kuke ji a gidajen suna da wuraren biki. Ana cewa Malama ta bar karantar da matan aure saboda wasan waya, wai tsufa ne ya zo mata da zautuwa. Wasu har da ƙarin gishiri, wai wuni nake ina harbe-harbe kamar ɗan tasha. To ku ji daga bakina, tunda da raina da hankalina, kuma babu wanda ya fi ni sanin abin da ya faru a tsakar gidana. Ba haƙuri na zo bayarwa ba. Da za a mayar da ni waccan shekarar, abin da na yi shi zan sake yi, sai dai ma in fara da wuri.

Babban yayanku ɗan farina ne. Ku yanzu kuna rungumar 'ya'yanku na fari, kuna kiran sunansu a bainar jama'a, amma mu da muka tashi a Aujara ba haka muka taras ba. Mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Ringim. Can ya girma, can ya shiga tasha ya koyi mota, can ya yi aure. Idan ya zo Dutse gaishe mu, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya ce "Malama, ina wuni," kamar yadda ɗalibaina suke faɗa, ni kuma in amsa ina kallon wani wuri. Idan zan aika masa da abinci sai in ce wa autata Hafsatu, "Kai wa wancan." Ba na zagin al'adar nan, haka uwata ta yi da yayana kuma ba don ba ta son sa ba. Amma Allah ya sani, tun daga kan kwana nake gane ƙarar motarsa.

Mahaifinku bai daɗe da rasuwa ba aka yi hatsarin. Ranar kasuwa ce, ya ɗauko masu kayan gwari, taya ta fashe, motar ta bar hanya. Abokinsa da ke zaune a gaba ya rasu nan take, da wasu daga cikin fasinjojin. Shi kuma aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Da aka sallame shi daga asibiti sai aka kawo shi gidana, muka gyara masa ɗakin da ke kusa da rijiya. Ciwon ƙafa ya warke, amma baki ya mutu. Likita ya duba ya ce harshensa lafiya lau, magana ce kawai ba ya so. Matarsa Rabi ta yi iya ƙoƙarinta, in ta shiga sai ya juya fuskarsa ga bango, har iyayenta suka ce ta koma gida da yaran tukuna. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne masu dubiya. Su zo su zauna su yi ta "wayyo, sannu, bawan Allah", in za su tafi su tura wani abu ƙarƙashin matashi. Suna fita zai sa sandarsa ya turo shi waje. Direbobin tasha sun haɗa masa nasu, shi ma ya mayar. Mutumin da ya saba ya sauke mana buhun shinkafa a ƙofar gida bai iya karɓar abin tausayi ba. Ni kuwa ina tsakar gida ina tankaɗe, ina kallon ƙofar nan ta gefen ido, kunya ta hana ni shiga.

Hafsatu ce ta fara lura. Ta kai masa koko wata safiya ta dawo tana cewa Yaya ya samu abin yi, wani wasa ne ya sauke a wayarsa, kyauta ake ba da shi. Na ce wane irin wasa? Ta ce irin wanda ake shiga wani kango a harbi dodanni, in sun faɗi su zubar da kaya, bindigogi da sulke da magani, kai kuma ka bi kana tsinta, da abin da ka tsinta za ka shiga wuri mai wuya fiye da na baya. Kuma ba kai kaɗai ba, ana haɗa ka da mutane daga ko'ina a duniya ku tafi tare. Na ce ikon Allah, wato kala ce irin tamu ta bayan girbi, sai dai da harbi. Daga ranar muka fara jin ƙarar harbi ƙasa-ƙasa daga ɗakin, kuma kwanon abinci ya fara dawowa babu komai a ciki.

Labari ya kai kunnen Baffanku Malam, wan mahaifinku, wanda makarantar da nake karantarwa take hannunsa. Ba zan rage masa daraja a nan ba. Shi ya tsaya mana a asibiti, shi ya riƙe mu bayan rasuwar ɗan'uwansa. Ya zo bayan la'asar ya zauna a soro, na gaishe shi daga bakin ƙofa.

"Malama, a karɓe wayar nan," in ji shi. "Yaron da ya ga jini da idonsa, shi za a bari yana harbi? Kuma wa ya gaya muku kyauta ce? Mutanen nan ba sa ba da komai don Allah. Lokacinsa suke ci, hankalinsa suke ci."

Na ce, "Yaya Malam, gaskiya ne. Amma tun da ya fara yake cin abinci."

"Abinci ba shi ne rayuwa ba. Ya riƙi carbi, ya saurari karatu."

"Carbin yana wuyansa, salla kuma ba ta wuce shi, a zaune yake yi. Magana ce babu."

Ya ce shi dai ya faɗi nasa, ya shafa fatiha ya tafi.

Na kwana biyu ina juya maganar. In na karɓe wayar, me zan ba shi a madadinta? Bango? Sai na ga ai ban ma san abin da ake so in hana ba, kuma ni ban taɓa yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, ko a aji. Na kira Hafsatu na miƙa mata wayata.

"Sa mini shi."

Ta dube ni, ta dubi wayar. "Inna, ke?"

"A'a, akuyar gidan nan. Sa mini, kuma ki haɗa ni da shi, mu shiga tare."

Haka na ɗauki tabarmata da gilashina na nufi ɗakin da ke kusa da rijiya. Ban taɓa shiga ɗakin da yake ciki shi kaɗai ba tun yana goye. Na yi sallama, babu amsa. Na shimfiɗa tabarma a gefen katifarsa na zauna. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi Hafsatu, ya mayar da kai. Amma da sunana ya fito a wayarsa yana neman izinin shiga, ya daɗe yana kallo, sannan ya danna.

Kada ku ce na iya. Yatsun da suka saba da allo da muciya ba sa jin maganar gilashin waya. In na ce gaba sai in ga ina kallon sama, in na ce harbi sai in yi tsalle. Na faɗa rami ya fi a ƙirga. Duk lokacin da dodo ya kayar da ni, sai in ga wani mai baƙin sulke ya dawo da gudu ya durƙusa a kaina ya tashe ni, ya yi gaba. Shi ne. A cikin wayar nan yana da ƙafa biyu, kuma ya fi kowa gudu. Da na ga harbi ba nawa ba ne sai na koma abin da na iya. Ni fa 'yar manoma ce, na yi kalar gero, na yi roron gyaɗa a gonakin Aujara har fatar yatsuna ta tsage. Inda samari suka wuce da gaggawa nan nake tsayawa in duba bayan akwati da ƙarƙashin matakala. Magani da harsashi ba sa yanke mini, in nasa ya ƙare in ajiye masa a gabansa ya ɗauka. Kullum bayan la'asar, in na dawo daga makaranta, haka muke yi har a kira magariba, ba wanda ke ce wa wani uffan.

Tunda tambayar da kuke yi mini ke nan, ko wasan ya cancanci a yi shi tunda kyauta ne, bari in ba ku amsa ba ɓoye-ɓoye. Baffanku bai yi ƙarya ba. Kyautar tasu irin ɗanɗanon mai ƙuli-ƙuli ce, yana ba ka ne don ka saya. Kana shiga za su fara nuna maka riguna masu ƙyalli da akwatunan da sai ka biya za a buɗe. Ban taɓa saya ba, shi ma haka. Yana shan data, yana cinye caji, waya ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu. Kuma in ka cire ado, aiki ɗaya ne ake ta maimaitawa: ka kashe dodon jiya, ka tsinci bindigar da ta ɗara ta jiya da kaɗan, gobe ka sake. Mai gona ya tafi gonarsa, ɗalibi ya ɗauki littafinsa, babu abin da suka rasa. Amma ga abin da Baffanku bai gani ba. Duk abin da aka kawo wa yayanku a shekarar nan da tausayi aka kawo shi. Wannan kaɗai ne aka bai wa kowa, mai ƙafa da marar ƙafa, ba wanda ya ce masa sannu. Da na sayarwa ne da bai same shi ba, don ba zai buɗe baki ya roƙi kowa ba. Mutanen da yake tafiya da su a ciki ba su san an yanke masa komai ba, abin da suka sani kawai ya iya.

Ranar cigiya kuwa, ga yadda aka yi. An haɗa mu da wasu baƙi biyu, muka shiga wani wuri mai wuya. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi, kafin a tashe shi ya ɓace ɗungum, ina jin hanyar sadarwarsa ce ta yanke. A inda ya faɗi sai ga bindiga tana walƙiya, ruwan zinare, irin wadda ban taɓa gani ba. Hannuna ya riga hankalina, na ɗauka. Ina ɗauka na tsaya cak.

Hafsatu tana leƙe ta kafaɗata. "Inna, kin yi sa'a. Wannan sai a yi wata ba a samu ba. Ki yi gaba mana."

Na ce, "Ba tawa ba ce. Ta yaron nan ce da ya ɓace."

"Ai haka wasan yake, wanda ya tsinta shi ke da ita."

"A wane littafin? Abin da dodo ya zubar, wannan kala ce, mai gona ya gama ya tafi. Wannan kuwa tsintuwa ce, tana da mai ita. Shekara nawa ina gaya wa matan mutane cewa tsintuwa sai da cigiya, yau ni zan sa a aljihu?"

Ta ce to ai ba bindigar gaske ba ce. Na ce wahalar da ya sha kafin ya same ta fa, ita ma ta ƙarya ce? Na san awannin da ake ci kafin a samu irinta. Duk wannan gardamar da muke yi dodanni sun yanyame ni, mai baƙin sulke yana tsaye a gabana yana kare ni shi kaɗai. Na ce ta nuna mini inda ake dannawa a yi magana. Ta nuna. Na gyara murya kamar zan buɗe aji.

"Salamu alaikum jama'a. Cigiya nake yi. Wanda ya yar da bindiga mai ruwan zinare a gindin matakala, tana hannuna. Ya faɗi alamarta ya karɓi abarsa."

Sai wani ya yi magana da wani yare da ban taɓa ji ba, da alamar tambaya. Na sake maimaitawa, a hankali, da ƙarfi. Sai na ji wani sauti a gefena, kamar tari. Na juya. Ya kifa kansa a kan gwiwarsa, kafaɗunsa suna rawa. Na tsorata, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, irin wadda ta daɗe a kulle, tana fita da ƙyar, har da hawaye. Ya share ido da bakin riga, murya a dishe ya ce:

"Malama, ba sa jin Hausa."

Hafsatu ta toshe baki da mayafi ta fice. Ni kuwa na kafe idona a kan waya, don in na dube shi na san abin da zai faru. Na ce, "To kai da ka yi yawon tasha, ka gaya musu."

Ya danna, ya yi musu bayani da Turancinsa na direbobi. Baƙon ya yi dariya, ya yi doguwar magana. Yayanku ya juyo ya ce wai mutumin yana tambaya ko da gaske ni mahaifiyarsa ce, kuma wai ya san mai bindigar, abokinsa ne, gobe zai kawo shi. Washegari kuwa suka zo, na ajiye wa mai bindigar abarsa ya ɗauka, ya yi ta tsalle a gabana, aka ce mini godiya ke nan. Daga ranar magana ta fara dawowa. Da farko ta wasa ce kawai, "bi hagu", "akwai magani?" Sannan ya fara cewa miya ta yi gishiri. Wata rana muna tsaka da tafiya, bai ɗago ba, ya ba ni labarin abokinsa da ya rasu, da abin da suke hira a kai kafin tayar ta fashe.

Wata ɗalibata ce ta zo tambayar wanka da tsarki, ta same ni da gilashi a hanci ina cewa "harbe shi, ga shi nan bayanka". Ban ce ta yi da mugunta ba, amma kafin Juma'a magana ta zaga unguwa. Mazaje suka fara hana matansu zuwa. Baffanku ya sake zuwa soro, wannan karon bai karɓi ruwa ba.

"Malama guda, matar malami. Me zan ce wa mutane? Ko wayar ko ajin, ki zaɓi ɗaya."

Na ce, "Yaya Malam, ka shiga ka gaishe shi, zai amsa maka. Da bakinsa."

"Na ji, kuma na gode wa Allah. To tunda ya warke sai a bari."

"Bai warke ba, ya dai fara. Ba a sauke tukunya don ta fara tafasa. Ka nuna mini inda na saɓa wa Allah in tuba yanzu a gabanka. In kuwa maganar mutane ce, mutanen nan suna ina lokacin da yake kallon bango?"

Ya ce makaranta amana ce a wuyansa. Na ce wancan ma amana ce a nawa. Na kwance mabuɗin ajin daga bakin zanena na aika masa da shi ta hannun Hafsatu. Kada wani ya ce muku abin bai yi mini ciwo ba. Ajin nan ni na fara shi da tabarma biyu, akwai matan da a hannuna suka fara haɗa baƙi. Na yi kwanaki in azahar ta gabato sai in tsinci kaina ina neman hijabin fita. Har yau in na wuce na ji suna biya karatu, sauri nake ƙarawa.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne soro da ɗakin rijiya bango ɗaya ne ya raba su. Ya ji komai. Washegari da na zo da tabarmata na tarar da ƙofa a rufe, wayarsa tana ajiye a ƙasa a bakin ƙofar, daidai inda yake turo kayan masu dubiya. Na ƙwanƙwasa. Daga ciki ya ce:

"Malama, ki koma ajinki. Na kashe mutane a hanya, ba zan kashe miki makaranta ba."

Daga nan bai ƙara ba. Aka kai abinci ya dawo yadda aka kai shi, rana ta farko, ta biyu, ta uku. Na ga muna komawa inda muka fito, kuma na san in ya koma wannan karon ba lallai ya sake fitowa ba.

A rana ta ukun gidan cike yake, ƙannen mahaifinku mata sun zo daga Ringim, wai su ba ni baki in ba Malam haƙuri. Suna zaune a inuwa suna ta faɗa mini abin da ya dace da mace mai shekaruna. Na bar su suna magana, na tashi, na ɗauko wayarsa daga inda na adana ta, na tsaya a gaban ƙofarsa. Na yi niyyar in ce "kai", ko "wancan", ko "mai ɗakin nan", kamar yadda na saba. Sai na ga duk ba za su buɗe ƙofar ba. Sunan yana bakina tun ranar da aka raɗa masa shi, ban taɓa barin ya fito ba, har na ji tsoron ko harshena ba zai iya ba.

Na ce, "Haruna."

Wata daga cikin gwaggwanninku ta ce, "A'uzubillahi, ɗan farin?" Ban juya ba.

"Haruna, taya ce ta fashe, ba kai ka fasa ta ba. Aji kuma ni na ajiye, da hannuna, kuma ban yi nadama ba. Ka buɗe, uwarka ce. Ni kaɗai ba na iya wuce wurin matakalar nan."

Na ji ƙarar sanda a kan siminti, ɗaya, sannan ɗaya. Sakata ta zame. Bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya fito har tsakar gida, rana tana kashe masa ido, karo na farko tun da aka kawo shi. Ya dubi gwaggwanninsa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya karɓi wayar daga hannuna, ya ce wa Hafsatu ta shimfiɗa mana tabarma a nan waje.

Sauran kun sani. Rabi ta dawo da yaran kafin damina, yanzu shi ke rubuta lodi a tasha, kuma ya fi wata shida bai buɗe wasan ba, ya ce ba shi da lokaci. Ajin bai dawo hannuna ba, ban kuma nema ba. Ni da Baffanku muna gaisawa lafiya, kowa yana kan bakansa. Wasan yana nan a wayata ban goge ba, wani lokacin nakan shiga in yi kalata ni kaɗai, wanda zai yi magana ya yi. In an sake tare ku a gidan biki ana tambayar abin da Malama ta samu a wasan banza na kyauta har ta bar makaranta, kada ku tsaya dogon bayani. Ku ce musu da yamma in an ji sallama a soro, takan ɗaga murya ta ce, "Haruna, shigo," kuma yana amsawa.